Leicester City a Kakar 2015/16: Yadda Ƙungiyar da Aka Raina Ta Ɗauki Kofin Firimiya

A watan Agustan 2015, ana shirin buɗe kakar Firimiya, kamfanonin caca na Ingila sun sa farashin Leicester City a kan 5,000 da 1. Wato duk wanda ya ajiye fam ɗaya a kan cewa ita ce za ta ɗauki kofi, fam 5,000 zai karɓa idan hakan ta tabbata. Caca ba abin yi ba ce, amma masu ita ba sa wasa da lissafi, kuma lissafin nasu ya nuna yadda duniya ke kallon ƙungiyar a lokacin. Wata tara bayan nan Leicester ta kammala gasar da maki 81, ta ba Arsenal da ke biye mata tazarar maki 10. Cikin wasa 38 ta ci 23, ta yi canjaras 12, sau uku kacal aka doke ta.

Tun daga lokacin ake ta neman sunan da za a ba wannan abu. Wasu sun ce sa'a ce tsagwaronta. Wasu a birnin Leicester sun danganta shi da Sarki Richard na Uku, wanda aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a 2012, aka sake binne shi a babbar majami'ar birnin a ƙarshen Maris 2015, kuma daga nan ne ƙungiyar ta fara cin wasanni. Wasu kuma sun nuna sufayen addinin Buda da mai ƙungiyar ke ɗaukowa daga Tailan su zo su yi addu'o'insu a filin wasa. Duk wannan hira ce mai daɗin ji. Amma wanda ya bi sakamakon kakar wasa bayan wasa zai ga wani abu daban. Leicester ɗin da ta fara kakar ba ita ce ta gama ta ba. Ƙungiyar ta sake fata a tsakiyar tafiya, kuma da ba ta yi haka ba, da iyakar abin da za a tuna ta da shi shi ne ta ba mutane nishaɗi na wata huɗu.

Inda aka fito

An kafa ƙungiyar a 1884 da sunan Leicester Fosse. A tsawon shekara 132 ba ta taɓa ɗaukar kofin babban rukuni na Ingila ba. Iyakar ƙoƙarinta shi ne zuwa ta biyu a 1929. A 2008 har rukuni na uku ta gangara. Attajirin nan ɗan Tailan, Vichai Srivaddhanaprabha, mai kamfanin King Power, ya saye ta a 2010, kuma a 2014 koci Nigel Pearson ya haura da ita Firimiya da maki 102.

Kakarta ta farko a sama ta kusa zama ta ƙarshe. Zuwa farkon Afrilun 2015 tana ƙasan teburi da maki 19 cikin wasa 29, tazarar maki bakwai tsakaninta da tudun mun tsira. Sai ta ci bakwai daga cikin wasa tara da suka rage, ta ƙare a mataki na 14 da maki 41. Wannan gudun ceton rai yana da muhimmanci ga labarin, domin mafi yawan waɗanda suka ɗaga kofi bayan shekara guda su ne suka yi shi. Sun riga sun san juna a cikin wahala.

Duk da haka, a ƙarshen Yuni aka sallami Pearson. Dangantakarsa da masu ƙungiyar ta yi tsami bayan wani abin kunya da ya faru a ziyarar da suka kai Tailan, wanda ya jawo korar matasan 'yan wasa uku, ciki har da ɗansa. Esteban Cambiasso, wanda shi ne gwarzon ƙungiyar a waccan kaka, shi ma ya tattara nasa ya nasa ya tafi. A ranar 13 ga Yuli aka sanar da Claudio Ranieri, ɗan Italiya mai shekara 63.

Ba a yi masa maraba ba. Aikinsa na baya-bayan nan shi ne horar da tawagar ƙasar Girka, inda aka kore shi a Nuwamban 2014 bayan tsibirin Faroe ya je har gida ya doke su da ci ɗaya mai ban haushi. Ya yi kusan shekara talatin yana horarwa, ya zo na biyu da Chelsea, da Roma, da Monaco, amma bai taɓa ɗaukar kofin babbar gasar wata ƙasa ba. A Ingila an san shi da yawan sauya 'yan wasa tun zamansa a Chelsea, har ya zama abin tsokana. Gary Lineker, haifaffen Leicester kuma tsohon ɗan wasanta, ya fito fili a Twitter ya nuna mamakin wannan zaɓi.

Abin da Ranieri ya fara yi, wanda a ganina shi ne mafi girman dabararsa a kakar gaba ɗaya, shi ne ƙin taɓa abin da ya tarar yana aiki. Sabon koci yakan zo da mutanensa ya share na da. Shi kuwa ya riƙe Craig Shakespeare, mataimakin Pearson, ya riƙe Steve Walsh mai kula da farauto 'yan wasa, ya riƙe likitoci da masu kula da ƙarfin jiki. Ya yi wa 'yan wasan alƙawarin hutun kwana biyu a mako, da sharaɗin su ba shi duk abin da ke jikinsu ranar wasa. Gyara ɗaya babba ya yi: ya sauya tsarin 'yan baya uku da aka yi gudun tsira da shi, ya koma 4-4-2. Burin da ya riƙa maimaita wa 'yan jarida shi ne maki 40, adadin da aka saba cewa yana hana ƙungiya faɗuwa.

Waɗanda aka tsinto

'Yan wasa 11 da suka fi fara wasanni a kakar, an ƙiyasta kuɗin sayensu gaba ɗaya a kan abin da bai kai fam miliyan 25 ba. A wannan bazarar Manchester City ta biya kimanin fam miliyan 55 a kan Kevin De Bruyne shi kaɗai.

Jamie Vardy, Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels, wata ƙaramar ƙungiya da ke biyansa fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a masana'antar ƙera kayan ɗaurin gaɓoɓi. Daga nan Halifax, sai Fleetwood, kafin Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012. Bai taka leda a Firimiya ba sai da ya kai shekara 27. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya kuwa, wani ɗan wasa daban Walsh ya je kallo a Le Havre, a rukuni na biyu na Faransa, sai idonsa ya faɗa kan wannan siririn yaro mai ƙafar hagu. An saye shi a Janairun 2014 a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba. Mahrez da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da aka ambata masa Leicester ya zaci ƙungiyar wasan zari-ruga ce.

N'Golo Kanté, haifaffen Faransa da iyayensa suka fito daga Mali, ya zo daga Caen a kan fam miliyan 5.6. Ranieri bai gamsu da shi ba da farko saboda ƙanƙantarsa, Walsh ne ya nace. Wanda aka sayo da nufin ya gaji Cambiasso shi ne Gökhan Inler daga Napoli, kyaftin ɗin Suwizalan, mai suna da ƙwarewa. Kanté ya fara kakar daga benci, an ma gwada shi a gefen hagu. Da ya samu shiga tsakiya, Inler ya zama ɗan kallo.

Sauran ma kusan duk an yar da su ne a wani wuri. Danny Drinkwater da Danny Simpson sun taso a Manchester United ba su samu gurbi ba. Marc Albrighton kyauta aka ɗauko shi bayan Aston Villa ta sake shi, haka ma Christian Fuchs daga Schalke. Robert Huth ya rasa wurinsa a Stoke. Kyaftin Wes Morgan ya shafe shekara goma a Nottingham Forest, bai ga Firimiya ba sai yana shekara 30. Mai tsaron raga Kasper Schmeichel ya yi yawo har rukuni na huɗu, kullum ana auna shi da mahaifinsa Peter.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen zana Leicester a matsayin matalauciya. Mai ita a lokacin biloniya ne, kuma kuɗin talabijin na Firimiya ya sa ko ƙaramar ƙungiyar Ingila ta fi manyan wasu ƙasashe ƙarfin aljihu; shi ya sa ta iya ɗauko Shinji Okazaki daga Mainz a kan kusan fam miliyan 7. Akwai ma zargin cewa ta keta dokar kashe kuɗi a kakar da ta haura, maganar da aka rufe a 2018 bayan ta biya hukumar gasar ƙananan rukunoni fam miliyan 3.1. Talaucinta na kwatance ne, idan an ajiye ta kusa da su City da United da Chelsea.

Ranar da Arsenal ta buɗe musu ido

Wasanni tara na farko sun kasance kamar wasan unguwa: a ci ka, ka rama, a ƙara maka, ka sake ramawa. Leicester ta ci ƙwallo 19, an zura mata 17, kuma babu wasa ɗaya da ta fita ba a taɓa ragarta ba. Aston Villa ta sha gabanta da 2-0, ta farke ta ci 3-2. Stoke ta yi mata 2-0, aka tashi 2-2. Haka ma a Southampton. Masu kallo sun ji daɗi, amma ƙungiyar da sai an mare ta take farkawa ba ta ɗaukar kofi.

A ranar 26 ga Satumba Arsenal ta zo filin King Power, gidan Leicester, ta nuna musu iyakarsu. Vardy ne ya fara ci, amma aka tashi 5-2, Alexis Sánchez shi kaɗai ya zura uku. Matsalar a bayyane take. 'Yan bayan gefe, Ritchie De Laet da Jeffrey Schlupp ɗan Gana, masu son hawa gaba ne. Duk lokacin da suka tafi, sai a bar Morgan da Huth, ƙarti biyu marasa gudu, a fili fetal tare da masu sauri irin su Walcott da Sánchez.

A wasa na gaba, a Norwich, Ranieri ya sa Simpson a dama da Fuchs a hagu. Ba su da kuzarin waɗanda suka maye gurbinsu, amma sun san zama a gida. 'Yan bayan huɗu suka matse kusa da juna, suka ja da baya zuwa bakin da'irar gola. Aka bar wa abokan hamayya gefen fili, aka ce su yi ta jefo ƙwallo ta sama, domin a sama babu mai ja da Morgan da Huth. Abin da ya kasance rauninsu, wato rashin gudu, ya daina tasiri tunda babu fili a bayansu da za a yi gudun.

Gyaran bai kama nan take ba. Ranieri ya yi wa yaran alƙawarin zai saya musu fiza ranar da suka hana a zura musu ƙwallo, kuma sai a wasa na goma, da suka doke Crystal Palace 1-0 ranar 24 ga Oktoba, aka ci wannan fiza. Ya kai su gidan abincin, amma ya sa kowa ya kwaɓa tasa da hannunsa. Lissafin rabin kaka shi ke nuna girman sauyin. A wasa 19 na farko an zura musu 25, sun tsare raga sau huɗu. A wasa 19 na ƙarshe 11 kawai aka zura musu, sun tsare raga sau 11. Ƙwallayen da suke ci sun ragu daga 37 zuwa 31, makin da suka tara kuma ya ƙaru daga 39 zuwa 42.

Yadda suke buga ƙwallonsu

A zamanin da kowa ke kwaikwayon Barcelona, Leicester ba ta damu da riƙe ƙwallo ba. A matsakaici, ƙasa da kashi 45 cikin 100 na lokacin wasa take a ƙafarsu, suna cikin na ƙarshe a gasar ta wannan fanni, haka ma wajen daidaiton miƙa ƙwallo. Tsarin shi ne a bar ka ka taho da jama'arka, ka baro gidanka a buɗe. Okazaki, wanda ƙwallo biyar kawai ya ci a kakar, aikinsa shi ne ya dawo ya takura wa ɗan tsakiyar abokan hamayya har ƙarfinsa ya ƙare, a cire shi a sa Leonardo Ulloa. Kanté ya ƙwace, Drinkwater ya ɗaga kai ya jefa doguwa, Vardy ya bi ta. Kanté ne ya fi kowa a gasar yawan ƙwace ƙwallo da tare ta a hanya. Walsh yakan yi raha da cewa su 'yan tsakiya uku suke sawa: Drinkwater a tsakiya, Kanté a damansa, Kanté a hagunsa.

Wanda ke son ganin tsarin a dunƙule, ya dubi ƙwallon da Vardy ya ci Manchester United ranar 28 ga Nuwamba. United ce ke bugun kusurwa, manyan 'yan bayanta duk sun hau. Schmeichel ya cafke ƙwallon, bai tsaya jan lokaci ba ya miƙa wa Fuchs. Fuchs ya ruga da ita ya tsallake tsakiyar fili, ya kalli wani gefe, ya zira ta ta wani gefen, ta bi ta bayan 'yan United. Vardy ya riga ya tashi. Ya buga ta a ƙasa ta wuce David de Gea. Mutum uku kawai suka taɓa ta daga wannan raga zuwa waccan. Da wannan ƙwallo Vardy ya ci a wasa 11 a jere, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa 10, kuma a gaban tsohuwar ƙungiyar Van Nistelrooy ɗin.

Irin wannan wasa na buƙatar ƙafafu masu lafiya, kuma a nan Leicester ta yi dace, ta kuma yi tanadi. Ba ta cikin gasar Turai. Hull ta fitar da ita daga kofin League a Oktoba, Tottenham ta fitar da ita daga kofin FA a Janairu. Wasa 43 kacal ta buga a duk kakar, alhali City da Liverpool sun yi kimanin 60 kowacce. Babu wani jigo nata da ya ji rauni mai tsawo. Morgan da Schmeichel ba su rasa ko minti ɗaya ba a gasar. Mutumin da ake yi wa dariya da yawan sauya 'yan wasa shi ne ya fi kowane koci ƙarancin sauyi a wannan shekara.

Kwana goma sha biyu a Fabrairu

Leicester ta shiga Kirsimeti tana saman teburi, shekara guda bayan ta shiga shi tana ƙasa. Kafin nan ta doke Chelsea 2-1, kuma kwana uku bayan wasan aka sallami José Mourinho, mutumin da ya gaji Ranieri a Chelsea a 2004 kuma ya sha yi masa shaguɓe. Daga nan sai injin ya yi tari. Liverpool ta doke su 1-0, suka yi 0-0 da City da kuma Bournemouth. Wasa uku babu ƙwallo, masana suka ce to, ga shi an zo inda ake jira. Arsenal ta karɓe saman teburi. Ƙwallon da Huth ya ci da kai a gidan Tottenham ranar 13 ga Janairu, saura minti bakwai a tashi, ita ta mayar da su kan hanya.

Jarrabawar gaske ta zo a farkon Fabrairu: Liverpool, City, Arsenal, ɗaya bayan ɗaya. A wasan Liverpool, Mahrez ya jefo doguwa daga nasu ɓangaren filin, ƙwallon ta yi tsalle sau ɗaya, Vardy yana wajen da'ira ta gefen dama, bai tsayar da ita ba ya ɗauke ta a iska, ta bi ta saman Simon Mignolet ta faɗa raga. Aka tashi 2-0. Kwana huɗu bayan nan suka je Etihad, gidan City. Minti uku da farawa Huth ya ci. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci Kanté ya tura wa Mahrez, ya tsallake ƙafar Otamendi, ya yaudari Demichelis, ya buga da ƙafar dama wadda ba ita ce tasa ba. Huth ya ƙara ta uku da kai. Sakamakon 3-1 ya ba su tazarar maki biyar, kuma daga ranar ne masu raha suka yi shiru.

Sai ranar 14 ga Fabrairu a Emirates, gidan Arsenal. Vardy ya ci da bugun fenareti, aka ba Simpson jan kati a farkon zagaye na biyu, Walcott ya farke, sannan a minti na 95 Danny Welbeck, wanda ya dawo daga doguwar jinya, ya sa kai ya ci ta biyu. 'Yan Arsenal suka yi murna kamar an miƙa musu kofin, a Landan da ma gidajen kallo na Kano da Kaduna inda magoya bayansu ba su da iyaka. Tazara ta dawo maki biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba gardama. Da yake ba su da wasan kofi, Ranieri ya sallami yaransa hutun mako guda maimakon ya tsare su a filin atisaye. Arsenal kuwa ta je Old Trafford, gidan United, wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Marcus Rashford ya zura mata biyu, sannan Swansea ta bi ta har gida ta doke ta. Leicester ba ta sake shan kashi ba har ƙarshen kaka.

Zuwa wannan lokaci kowa ya gane dabararsu. Ƙananan ƙungiyoyi suka daina tahowa, suka riƙa ja da baya su ma, suna hana Vardy filin gudu. A nan ne gyaran Oktoba ya biya. Tsakanin 27 ga Fabrairu da 3 ga Afrilu, Leicester ta ci biyar cikin wasa shida, duka da 1-0: Norwich, Watford, Newcastle, Palace, Southampton. Ku lura da waɗanda suka ci: Ulloa a minti na 89, Mahrez sau biyu, Okazaki da bugun juyi ta baya, sai Morgan da kai. Vardy bai ci ko ɗaya daga ciki ba. Ba wasanni ne masu daɗin kallo ba, amma maki 15 ɗin nan su ne kofin.

Ina manyan suke?

Ba za a yi adalci ba idan ba a faɗi cewa manyan sun yi barci a shekarar ba. Chelsea mai riƙe da kofi ta ƙare ta goma. Liverpool ta sallami Brendan Rodgers a Oktoba, Jürgen Klopp ya zo yana fara gini, suka ƙare na takwas. United ta Louis van Gaal tana riƙe ƙwallo ba ta cin raga. City ta sanar tun ranar 1 ga Fabrairu cewa Pep Guardiola zai karɓi aikin Manuel Pellegrini a ƙarshen kaka, sannan hankalinta ya koma Gasar Zakarun Turai inda ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ita da United kowacce maki 66 ta samu. Maki 81 kuwa a mafi yawan shekarun baya-bayan nan ba ya ba da kofi.

Amma ƙofar da ta buɗe, ga kowa ta buɗe. Arsenal ta doke Leicester gida da waje, tana da Özil da Sánchez da Čech, tana saman teburi a Janairu, ta kasa. Tottenham ta Mauricio Pochettino tana da Harry Kane wanda ya fi kowa cin ƙwallo da 25, ita ma ta kasa. Everton, Southampton, West Ham, duk ƙungiyoyin da suka fi Leicester daɗewa a sama, babu wadda ta matso. Barcin manya ya bayyana dalilin da ya sa aka samu gurbi. Bai bayyana dalilin da ya sa Leicester ce ta cike shi ba.

Makonnin ƙarshe

A ranar 17 ga Afrilu aka ba Vardy jan kati a wasan West Ham, alƙalin wasa ya ce faɗuwar ƙarya ya yi a da'ira. Ya nuna wa alƙalin yatsa yana faɗa, hakan ya jawo masa ƙarin dakatarwar wasa ɗaya. West Ham ta juya wasan zuwa 2-1, sai Ulloa ya farke da fenareti a minti na 95. Mako guda bayan nan, babu Vardy, suka lallasa Swansea 4-0, Ulloa ya ci biyu. A daren ranar aka ba Mahrez kyautar gwarzon shekara ta ƙungiyar 'yan wasan Ingila, ɗan Afirka na farko da ya taɓa samun ta. Ya gama kakar da ƙwallo 17, ya taimaka aka ci 11. Vardy ya gama da 24.

Sun yi 1-1 a Old Trafford ranar 1 ga Mayu, aka koma jiran Tottenham. Washegari 'yan wasan suka taru a gidan Vardy suna kallon Chelsea da Tottenham a talabijin, Ranieri kuwa ya je birnin Rum cin abincin rana da mahaifiyarsa mai shekara 96 ya dawo. Tottenham na buƙatar nasara, kuma ta tafi hutu da 2-0. Gary Cahill ya rage, Eden Hazard ya farke a minti na 83, a wasan da 'yan Tottenham tara suka karɓi katin gargaɗi. Da aka busa tashi Leicester ta zama zakara, sabuwar zakara ta farko a Ingila tun Nottingham Forest a 1978. Tun bayan Blackburn a 1995 har zuwa wannan kaka, ƙungiyoyi huɗu ne kawai suka yi ta karɓa-karɓa da kofin: United, Arsenal, Chelsea da City.

An miƙa kofin ranar 7 ga Mayu bayan sun doke Everton 3-1, Morgan da Ranieri suka ɗaga shi tare. Andy King, wanda ya ci ƙwallo a ranar, ya zama mutumin da ya ɗauki kofin rukuni na uku, da na biyu, da na ɗaya da ƙungiya guda. An ƙiyasta mutum 240,000 ne suka fito titunan birnin ranar zagayen nuna kofi. Lineker ma ya cika alƙawarin da ya ɗauka tun Disamba, ya gabatar da shirinsa na BBC sanye da gajeren wando.

Abin da ya biyo baya

Rushewar ta zo da sauri, kuma ita ma tana ba da haske kan abin da ya riƙe ginin. Chelsea ta ɗauke Kanté a kan kimanin fam miliyan 32, ta kuma ɗauki kofi da shi a kakar da ta biyo. Walsh ya koma Everton. Leicester, yanzu da kuɗi a hannu, ta shiga sayen masu tsada. Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zo daga CSKA Moscow a Yulin 2016 a kan kusan fam miliyan 16, wanda a ranar shi ne mafi tsada a tarihin ƙungiyar, kafin Islam Slimani ya zarce shi bayan 'yan makonni. Musa ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta, fata ya yi yawa a Arewa, amma bai samu gindin zama ba. Gudunsa irin na Vardy ne, filin da yake so shi ne wanda Vardy ya riga ya mallaka, kuma ya tarar da ƙungiyar da ta rasa mai ƙwato mata ƙwallo a tsakiya.

Ranieri, wanda ya ci nasara da ƙin taɓa abu, ya koma sauye-sauyen tsari da 'yan wasa yana neman mafita. A ranar 23 ga Fabrairun 2017, wata tara bayan ɗaga kofi, aka kore shi, ƙungiyar tana maki ɗaya kacal a saman 'yan faɗuwa. Shakespeare ya karɓa. A wasansa na farko ya dawo da mutum goma daga cikin sha ɗayan da suka ɗauki kofi, ya sa Wilfred Ndidi ɗan Najeriya, wanda aka sayo daga Genk a Janairu, a gurbin Kanté. Suka doke Liverpool 3-1, Vardy ya ci biyu, Drinkwater ya ci ɗaya. Da wannan jeri suka fitar da Sevilla, suka kai zagayen 'yan takwas na Gasar Zakarun Turai, inda Atlético Madrid ta tsayar da su, suka kuma gama Firimiya a mataki na 12.